Tambayoyin Kulu

Wata Asabar bayan la'asar, cikin daminar 1986, Kulu ta fara shiga falon Baba Jethro da ke Trikania. Ƙawarta Eunice ce ta jawo ta. Dukansu biyu tafireta suke bugawa a ofishin wata masaƙa a Kakuri, kuma tun da aka fara raɗe-raɗin cewa kamfani zai kawo kwamfuta ya rage ma'aikata, Kulu ta ce ita kam sai ta ga abin nan da idonta kafin ya raba ta da aikinta.

Falon ya cika da maza, wasu a kujera, wasu a tabarma. Akwai akawu, akwai malaman makaranta, akwai masu gyaran lantarki, duk sun zuba wa wata tsohuwar talabijin ido. Kwamfutar kanta ba ta kai tiren shayi girma ba, an jona ta da talabijin da rikodar kaset. Baba Jethro malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Ɗansa ne ya aiko masa da ita daga Ingila, shi kuma ya buɗe ƙofarsa ga duk mai son koyo, har abin ya zama kulob na kowace Asabar. Dokar kulob ɗin ɗaya ce: wanda ya sani ya faɗa, wanda bai sani ba ya tambaya.

A ranar, Lawal ne ke gaba, wani matashi ɗan gayu da ya dawo daga kwas a waje, wanda kowa ya yarda ya fi su sanin na'urar. Ya buga layi biyu, sai sunansa ya dinga zubowa a talabijin daga sama har ƙasa. Kowa ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Kulu ta ɗaga hannu. "Don Allah, me ya sa ba ta tsaya ba?"

Lawal ya yi murmushi, ya ce mata wannan fa ba tafireta ba ce, gara ta yi 'yan watanni tana kallo tukuna. Wasu suka yi dariya. Eunice ta mintsine ta a cinya, amma Kulu ba ta sauke hannunta ba.

Daga bayan talabijin, wani dogon saurayi da ke tsugune yana ɗaure waya ya ɗago kai.

"Ni ma ban san dalili ba," in ji shi. "Tun makon jiya nake son in tambaya, kunya ta hana ni. Malam Lawal, ka amsa mana mu biyu."

Baba Jethro ya ce doka ce. Dole Lawal ya yi bayani cewa layi na biyu ne ke mayar da na'urar kan na farko, shi ya sa take ta zagaye. Kulu ta gode masa, amma idonta na kan mai wayar. Shi ma ya kalle ta, sai ya yi saurin komawa bayan talabijin kamar an kira shi.

Sunansa Isiyaku, yana da rumfar gyaran rediyo a bakin titin Makera. Kulu ta sha wuce rumfar a hanyarta ta zuwa aiki, ba ta taɓa lura da mai ita ba.

Daga ranar ba ta sake fashin Asabar ba. Ta zama ita ce mai tambaya, har 'yan kulob suka sa mata suna Me-ya-sa. Isiyaku kuwa ba ya zama da abin da ya sani. In ya gano yadda ake gyara kan rikoda don kaset ya shiga da kyau, sai ya nuna wa kowa. In ya samo mujalla a kasuwa, sai ta zagaya hannu hannu har ta yage. Kulu ta fi shi saurin hannu a kan maɓalli, shi ya fi ta haƙuri, don haka Baba Jethro ya riƙa haɗa su aiki ɗaya. Ta riƙa kiransa Injiniya don ta tsokane shi, shi kuma ya ce ita ce Malamarsa, domin tambayarta ce ke tilasta masa karatu.

Wata rana da aka fita baranda shan zoɓon da Mama Lydia, matar Baba Jethro, ta saba kawowa, Isiyaku ya miƙa wa Kulu kaset ya ce ta duba masa aikinsa ko da kuskure. Ya fice da sauri ya bar ta. Ta saka kaset, ta jira ƙarar nan mai kama da kukan gyare ta ƙare. Sai rubutu ya fito:

"Malamata, tun ranar da kika ɗaga hannu a ɗakin nan zuciyata ba ta zauna ba. Ina so in zo gida in gaida Baba. Ki rubuta e ko a'a."

Kulu ta rufe baki da gefen gyalenta. Ta daɗe tana kallon rubutun, sannan don neman rigima ta buga: "Me ya sa?"

Nan take amsa ta fito: "Na san haka za ki ce. Don ina son ki, kuma aurenki nake so in yi."

Ta yi dariya har hawaye ya taru mata. Da ya leƙo ta taga, ta ce masa aikin ba kuskure, sai dai marubucin matsoraci ne, tunda sai da ya aiko na'ura ta yi masa magana. Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ya maimaita da bakinsa. Ta ce to, ya zo.

Mahaifinta, Malam Bello, mai gyaran keken ɗinki ne a Makera. A da babu telan da bai san shagonsa ba. Ya taɓa ɗaukar wani yaro ya koya masa komai, bai ɓoye masa ko ƙusa ba, shi kuwa da ya ƙware sai ya buɗe shago a tsallaken titi ya kwashe masa mutane. Tun daga nan Malam Bello ya yanke cewa mai sana'a da ke buɗe hannunsa wawa ne, kuma iyalinsa ne za su sha wuya.

Ya karɓi gaisuwar Isiyaku da mutunci, ya sa aka yi bincike. Ba a sami wani aibu a asalinsa ko halinsa ba. Abin da aka samu shi ne, duk wanda ya tsaya a rumfarsa ya tambayi yadda ake gyara, sai ya nuna masa, kuma kowace Asabar yana rufe rumfa ya tafi koyar da mutane kyauta.

A wannan tsakanin Lawal ya bar kulob ɗin. Ya buɗe makarantar kwamfuta ta kuɗi a cikin gari, da fanka da kujeru masu laushi. Shi ma ashe tun ranar farko Kulu ta shiga ransa, don haka ya fara zuwa gaida Malam Bello a motarsa. Bai yi wa Isiyaku ƙarya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, ilimi jari ne, kuma wanda ke rabar da jarinsa a falon wani ba zai iya riƙe gida ba. Maganar ta zauna wa Malam Bello daram.

Ya kira Kulu ya gaya mata ra'ayinsa. Ya ce shi ba zai yi mata dole ba, amma in shi ne zai zaɓa, Lawal ne. Ta durƙusa ta ce ta gode, amma ba ta son Lawal. Ya tambaye ta laifinsa. Ta ce ba shi da laifi, sai dai duk ran da ta tambaye shi abu, sai ya sa ta ji kamar roƙo ta zo yi, ita kuwa ba za ta iya zaman aure da haka ba.

Washegari Malam Bello ya aika a kira masa Isiyaku, ya gindaya masa sharaɗi: ya bar kulob, ya daina koyar da kowa kyauta, sannan a yi maganar aure. Isiyaku ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya yin wannan alkawari ba, domin ya san ba zai cika ba. Malam Bello ya ce to ya tashi, kada ya sake zuwa.

Kulu ba ta ji labarin daga bakin Isiyaku ba. Daga bakin mahaifinta ta ji, a tsakar gida, gaban mahaifiyarta Inna Talatu. Ya ce an ba saurayinta zaɓi tsakanin ita da akwatin talabijin, ya zaɓi akwati.

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta wuni ba ta ci abinci ba, Asabar ɗin nan kuma ba ta je Trikania ba. Eunice ta kawo mata kaset daga Isiyaku, Kulu ta ce ta mayar masa, ita ta gaji da magana da na'ura. Ranar Litinin da ta taso daga aiki ta tsaya a gaban rumfarsa. Yana ganinta ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ya fara bayani cewa da ya yi wa Baba ƙarya ya amsa, da an ɗaura auren a kan ƙarya, kuma ran da aka raba shi da kulob, ita ma an raba ta ke nan. Ta bar shi ya gama.

"Ba amsar da ka ba Baba ce ta ɓata mini rai ba," in ji ta. "Da ka amince, da na raina ka. Amma kai da kake cewa kowa ya tambaya, me ya hana ka tambaye ni? Maganar rayuwata ce ka yanke kai kaɗai, ka bar ni na ji a tsakar gida."

Isiyaku ya ce tsoro ya ji, kada ta ce ya amince, shi kuma ya kasa ƙi.

"To ka sani daga yau," ta ce, "ni ba kayan da za a ajiye a gefe a yi shawara a kai ba ce. In za mu yi faɗan nan, tare za mu yi."

"Na yi laifi, Malamata. Ki yafe mini."

Ta harare shi, amma murmushi ya riga ya fara cin ƙarfinta. Ta ce ya ba ta kaset ɗin da ta mayar, za ta duba in ta ga dama.

Da ta koma gida ta sami mahaifinta yana alwala. Ta jira ya gama, ta durƙusa ta ce, "Baba, ba zan yi aure ba sai da yardarka, ko da shekara nawa za a yi. Amma ba zan auri wani ba. Kuma ina roƙonka kada ka hana ni zuwa koyo, don in ka hana ni zan bi, amma kullum sai na tambaye ka dalili."

Malam Bello ya ce shi bai taɓa ganin yarinya mai baki irin wannan ba. Bai ce ta je ba, bai ce kada ta je ba. Ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin izini.

Bayan ƙaramar salla abin da ake tsoro ya faru. Masaƙar ta rage ma'aikata, kuma takardar sallama ta haɗa da Kulu da Eunice da yawancin matan ofis. Koyon da ta yi bai cece ta ba, domin kamfani ya ɗauko nasa mutanen daga Legas. Malam Bello ya ce ga shi nan, Asabar ɗin da ta ɓata ba ta tsinana mata komai ba. Lawal ya aiko cewa akwai gurbin malama a makarantarsa, in dai za ta daina zuwa gidan Baba Jethro, don ba zai yiwu tana sayar da abu a nan tana rabar da shi a can ba. Kulu ta ce a gaya masa ta gode.

Maimakon haka ta je ta roƙi Baba Jethro ya ba ta falon ranar Laraba da hantsi. Ta bi gidajen matan da aka sallama tare da ita, a Makera da Kakuri da Trikania, ta ce su zo su koyi abin da ya kore su. Wasu mazan sun hana, wasu matan sun ce sun tsufa. Waɗanda suka zo suka zo da goyo da tsoro. Isiyaku ya zana musu maɓallan a kan kwali don kowace ta samu na gwaji kafin layi ya zo kanta, ya kuma jona batirin mota saboda ɗauke wuta, sannan ya koma rumfarsa ya bar wa Kulu ajin.

Surutu ya tashi a unguwa. Aka ce 'yar Malam Bello ta zama shugabar mata a gidan Kirista, aka ce saurayi take bi. Wata Laraba maganar ta kai shagon Malam Bello fiye da yadda zai iya haɗiyewa. Ya rufe shago ya hau kekensa zuwa Trikania da niyyar ya taso ta gaba.

Baba Jethro ne ya tare shi a baranda. Ya gaishe shi da Hausarsa mai kyau, ya ce 'yarsa ce, yana da iko ya tafi da ita yanzu, amma in zai yi haƙuri ta gama abin da ta fara, ga kujera. Malam Bello ya ga dattijo ne sa'ansa, ya ji nauyi ya zauna a bakin ƙofa.

Kulu ta gan shi. Amma ba ta tsaya ba. A gaban na'urar akwai Rakiya, maƙwabciyarsu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana kuka tana cewa ta ɓata komai. Kulu ta dafa ta, ta ce ba abin da ya ɓaci, ta faɗi inda ta tsaya. Rakiya ta faɗa, wata daga baya ta ce ita ma nan ne ya ɗaure mata kai. Kulu ta sake bayani, ta sake, har Rakiya ta buga da kanta, sunayen 'ya'yanta suka fito a talabijin. Matan suka yi guɗa a hankali don kada su ta da jarirai.

Da aka zo tashi, Kulu ta kashe na'urar, rubutun ya ɓace. Sai aka ji muryar Malam Bello daga bakin ƙofa.

"To yanzu ina rubutun ya tafi?"

Shi kansa kamar bai san maganar za ta fito ba. Kulu ta zo ta durƙusa kusa da shi da kaset a hannu, ta yi masa bayani cewa na'urar ba ta riƙe komai in wuta ta yanke, sai abin da aka juye a kaset. Ya juya kaset ɗin, ya tambayi yadda rubutu ke zama sauti. Ta ce wannan kam ba ta gama ganewa ba, Isiyaku ne ya fi ta sani. Ya miƙa mata kaset ɗin ya ce ta same shi a gida, ya hau kekensa ya tafi shi kaɗai.

Makonni suka wuce bai ta da maganar ba. Inna Talatu ce ta riƙa yi masa ita a hankali, tana cewa yarinyar nan ba ta taɓa saɓa masa a ɓoye ba, komai a gabansa take yi. Wata ranar Alhamis ya tsaya a rumfar Isiyaku ba tare da ya gaya wa kowa ba. Isiyaku ya miƙe a ruɗe ya share masa benci.

Malam Bello bai yi dogon zance ba. Ya tambaye shi, in wanda ya koya wa ya buɗe rumfa a gabansa ya kwashe masa mutane fa? Isiyaku ya nuna masa wata rumfa can gaba, ya ce ai an riga an yi, kuma ya ji zafi ƙwarai, har yau in ya ga tsohon mai kawo masa gyara ya wuce can sai ransa ya sosu.

"Amma ba ka daina ba."

"Ban daina ba, Baba. Ni ma wani ne ya koya mini. Abin da zan iya yi maka alkawari shi ne, Kulu ba za ta kwana da yunwa ba in dai ina da hannu, kuma ba zan taɓa yi maka ƙarya ba."

Malam Bello ya ce shi har yanzu yana ganin wauta ce, kuma bai canza ra'ayi ba. Ya tashi ya kama kekensa, sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, a turo magabata ranar Lahadi.

An ɗaura auren bayan babbar salla a ƙofar gidan Malam Bello. Baba Jethro ya zo da babbar riga da ya ɗinka musamman, ya zauna cikin dattawa. Mama Lydia da Eunice tun jajibiri suke cikin gida wajen girki. Rakiya, wadda ta sami aiki a ofishin wani lauya, ita ta yi wa amarya lalle. Lawal bai zo ba, amma ya aiko da agogon bango da gaisuwa.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, aka kai ta ɗakin mahaifinta ta yi sallama. Ta durƙusa cikin lulluɓi tana kuka, ta ce ya yafe mata duk ɓacin ran da ta sa shi. Isiyaku na tsugune daga bakin ƙofa tare da waliyyinsa.

Malam Bello ya ɗora hannu a kanta.

"Ba abin da kika yi mini, Hauwa'u. Taurin kai ne, kuma a wurina kika gado shi." Ya dubi Isiyaku. "Kai kuma ga ta nan. Ban ba ka ita don ka rinjaye ni ba. Na ba ka ita don ita ta zaɓe ka, kuma ban taɓa ganin ta zaɓi abin banza ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya sa ku ga tsufan juna."

Ɗakin ya amsa da amin. Mata suka ɗaga amarya, guɗa ta tashi a tsakar gida. Malam Bello ya bi su har bakin titi, ya tsaya da hularsa a hannu yana ɗaga wa motar hannu har ta sha kwana.